Sunan Baba a Kan Injin Ƙarshe

Geelong, Litinin

Zuwa ga Kawu Metodi,

Ina gaishe ka da ladabi, tare da Inna Vesna. Na ji ranar Juma'a za a rufe masana'antar motar, kuma ma'aikata za su sa hannu a jikin injin ƙarshe da alƙalamin fenti, kamar yadda aka saba. Kai ne mai duba inganci, a wurinka alƙalamin yake. Tun da ka liƙa wa injin Baba jar alama aka sallame shi, bai sake taka ƙofar ba. Amma ƙuruciyarsa can ta ƙare. Don Allah ka bar shi ya rubuta sunansa. Bai san na rubuto ba.

Ɗiyarka,
Biljana

Biljana,

Na amsa gaisuwa. Ubanki Goce ya gaya miki abin da ya yi? Notikan kan silinda da sifanar awo ake ɗaure su, kowanne da ƙarfinsa. Shi kuwa gogan naku ya ce hannunsa ya fi awo sani. Injin ya yi ta yoyon ruwa a wurin gwaji! Da na rufe ido, da wani bawan Allah ne zai tsaya a jeji da iyalinsa. Sakayyata? Ya kira ni karen manaja a gaban mutane, a wurin taron gashin nama da aka yi a coci. Duk da haka, don darajar ƙanwata uwarki, na yarda ya zo. Amma a hannuna zai karɓi alƙalamin.

Kawunki

Kawu,

Barka da aiki. Baba ya ga wasiƙarka, ya yi mini faɗa har na yi kuka. Ga saƙonsa, ka yi haƙuri da kalaman: "Gaya wa mai jar alamar nan, ko ruwa ba na karɓa daga hannunsa. Ya ajiye alƙalamin a kan injin, ya juya mini baya." Jiya dai na gan shi yana goge tsohuwar rigar aikinsa.

Ka huta lafiya,
Biljana

Biljana,

Ina gaisuwa. Na ajiye, na juya baya, ma'aikata suna ta dariya. Ga fili ko'ina a jikin injin, amma ubanki sai ya rubuta sunansa ɓaro-ɓaro a kan nawa. Nasa ya fito, nawa ya ɓace. Kada ki sake rubuto mini.

Metodi