Likitan Huhu na Shagon Uba

Manchester, 3 ga Nuwamba

Zuwa ga Malam Abdulmuhaimin, mai makarantar Asabar da Lahadi a Birmingham.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ni ne Farfesa Dakta Alhaji Rabi'u Ɗantani, babban likitan huhu, wanda ko likitoci sai sun tuɓe takalmi suke shiga ofishinsa. Ba kowa nake rubuta wa takarda ba, ka ga girman da na ba ka.

Labari ya iso mini cewa a ajinka akwai Latifa 'yar Malama Turai, mai shekara takwas, tana fama da asma. An ce in tana biya karatu takan yanke numfashi a tsakiyar aya, kai kuma ka ce lalaci ne, ka sa ta maimaita har sai ta kai ƙarshe da numfashi ɗaya. Malam, ba lalaci ba ne, hanyar iskar ƙirjinta ce ke tsukewa. Samu bututun shan lemo, ka toshe hanci, ka yi numfashi ta cikinsa, sannan ka ja mini doguwar madda in ji.

To ga dokata. Kaskon turaren wutar da kake kunnawa a ɗakin da tagarsa ba ta buɗuwa, mayar wa uwargida kayanta. Shuɗiyar inhelar yarinyar nan, wato abin shaƙar maganinta, ba abin wasa ba ce, daina kulle ta a aljihun tebur tare da wayoyin yara. In tari ya ƙi tsayawa, ko ƙirjinta na fito, ko ta kasa ƙarasa magana, ka zaunar da ita a miƙe, kada ta kwanta. Ta shaƙa sau ɗaya, a ɗan dakata, ta sake, har zuwa sau goma. In babu sauƙi, kira 999 kafin ka kira uwarta. Addu'a kuwa ka yi, amma da wayar a kunnenka.

Amsa ta biyo ta shagon Uba a Stockport Road, nan sakatarena yake zama.

Wassalam,
Farfesa

Birmingham, 12 ga Nuwamba

Bara'u ƙanena,

Ina gajiya, ya aikin? Ni dai daga aikin dare a asibiti na fito, ƙafafuna kamar ba nawa ba.

Malam ya nuna mini wata takarda, ya sa ta a leda kamar takardar gida. Wai babban likita. Babban likitan da ofishinsa yake tsakanin buhun garin rogo da busasshen kifin Uba? Bara'u, ka ji tsoron Allah. Kai da ko firamare ba ka leƙa ba.

Ban tona maka asiri ba, don na gaji. Sau uku ina kai masa takardar likitan Latifa, yana cewa "in sha Allahu, Turai", ya ajiye ta ƙarƙashin Alƙur'anan yara. Maganar mace, kuma taubashiyarsa, ai wasa ce a wurinsa. Na so in cire ta daga makarantar, ta kwana tana kuka wai saura sura biyu ta haɗa izu. Ni kuma duk Asabar ina wurin aiki, raina yana kan waya, in ta yi ƙara sai gabana ya faɗi.

Ya fitar da kaskon. Mabuɗin tebur dai har yanzu yana aljihunsa, wai yara za su fesa wa juna. In ya gane kai ne, komai zai koma jiya, kuma ni za a bari da jinya.

Yayarka,
Turai

Birmingham, 24 ga Nuwamba

Zuwa ga mai girma Farfesa, Allah ya ƙara wa rayuwa albarka.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na jinkirta amsa saboda kunya. Yara talatin da ɗaya ne, ni kaɗai, bayan kwana biyar ina tuƙin bas. In na buɗe tebur ɗin nan, aji ya zama kasuwa. Shi ya sa na bi dokarku rabi.

Asabar da ta wuce an yi sanyi ƙwarai. Latifa ta zo biyawa, ta karanta kalma uku ta tsaya. Na buɗe baki zan ce "sake", sai na ji fiton da kuka faɗa. Na laluba mabuɗi, ashe yana cikin rigar sanyina, rigar kuma tana mota. Da ƙafar kujera na ɓalle aljihun tebur ɗin. Na zaunar da ita, muna ƙirgawa tare da yara. A ta shida ta ce mini da Turancinsu wai na lalata tebur. Ban taɓa jin daɗin rashin kunyar yaro irin ranar ba. Yanzu inhelar tana jakarta, jakar tana gefenta, an kuma gyara tagar.

Farfesa, akwai abin da ya hana ni sukuni. A makarantarmu ta allo a Zariya ni ne babban ɗalibi. Akwai wani ɗan gwaggona, Bara'u, shaƙiyyin yaro, yana can garinku yanzu yana ɗaukar kwalaye. Kullum kusa da hayaƙin wutar karatu ake zaunar da shi, kullum sai ya yanke aya. Na ɗauka iskancinsa ne, na sha zane shi. Wata rana bulala bakwai na yi masa yana riƙe da ƙirji. Shin abin nan ne? Ban iya tambayarsa ba, don komai wasa yake mayar da shi.

Mu malamai tara ne a unguwannin nan, duk mun san kaskon turare, ba wanda ya san inhela. Mun roƙe ku ku zo Asabar mai zuwa ku yi mana bayani. In ba hali, ni zan zo shagon Uba.

Almajirinku,
Abdulmuhaimin

Gorton, Manchester, 27 ga Nuwamba

Malam taubashina,

Salamu alaikum. Kada ka wahalar da kanka zuwa shagon Uba, kifi kawai za ka tarar.

Abin nan ne. Sai da na zo ƙasar nan na faɗi a wurin aiki aka gaya mini sunansa. Duk abin da ke takardar da na aiko maka, nas ce ta koya mini a kan ƙirjina, ban ƙara ko wasali ba. Sarautar kawai na ara, don na san ba ka jin maganar wanda bai kai ka gemu ba.

Kuma bulala goma sha ɗaya ce, ba bakwai ba. Na yafe bakwai ɗin da ka tuna. Huɗun kuma sai ranar da Latifa ta haɗa izunta.

Ka nemo nas ta gaske ta yi wa malamanka bayani, Yaya Turai ta san su. Ni zan zo da bututun lemo guda tara. Ka bar tagar a buɗe.

Farfesanka,
Bara'u ɗan Gwaggo Hana