Neman Kambal

Daren Laraba, Agege

Ƙafafuna kamar ba nawa ba saboda yawon da na sha yau. Tun ranar da kawun yarinyar da ɗana Nasiru ke nema ya ce, "Kambal kuma? Wane irin Bahaushe ne Kambal?" na rasa sukuni. Wai ba zai karɓi gaisuwarmu ba sai ya san asalinmu.

Ni dai abin da na sani, kakana soja ne, ya yi wa wani hafsa ɗan Sikotlan hidima, sunan Baturen ya manne wa gidanmu.

Yau na rufe shago na hau motar danfo har cikin Eko, don an ce akwai titi mai wannan suna. Titi ne kawai, babu wanda ya san komai. Na raɓe a inuwa na buga sunan a waya: garuruwa, tsibiri, 'yan ƙwallo, manyan sojoji, har da miyar gwangwani. Duk Kambal. Kakana ne kaɗai babu.

Da la'asar na biya Idi-Araba wajen Goggo Asabe, ƙanwar Baba. Ta bari na gama ƙorafina, sannan ta ce, "Sani, Baturen kake nema ko kakanka? Sunansa Tanko ɗan Malam Idi, mutumin Gaya. Ga ni nan zaune, ba wanda ya taɓa tambayata."

Kunya ta hana ni shan kokon da ta dama min.

Gobe zan kira kawun yarinyar. Shekarata hamsin da biyu ina amsa sunan maigidan kakana, nasa kuwa sai yau na ji shi.