Igiyar Baba Genival

Greensboro, Satumba

Zuwa ga Yaya Sirajo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da Anti Mubaraka da yara, da fatan Kaduna lafiya. Mu nan sai godiya. Maigidana Haris yana ta fama da digirinsa, ni kuma na samu sabon aikin jinya a Summerfield, can bayan gari inda dawakai suka kusa fin mutane yawa.

Wani tsoho nake kula da shi, mutumin Brazil, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. 'Yarsa Leïla ce ta zo har masallacinmu tana neman 'yar Nijeriya, wai babanta ya taɓa zama a can, ko Allah zai sa ya ci abincin hannuna. Na toya masa waina, ya ci biyu ya kau da kai. Ba ya magana sai kalma ɗaya-ɗaya, kuma ya ƙi tashi daga keken marasa lafiya. Mai motsa masa gaɓoɓi ta ce ƙafar za ta iya ɗaukarsa, shi ne dai bai ga dalilin tashi ba. Likita ya ce in bai fara tsayawa ba kafin sanyi ya shigo, sai gidan tsofaffi, don Leïla ba za ta iya ɗaga shi ita kaɗai ba. Yaya, na yi aiki a irin gidajen nan. Mai hali irin nasa in ya shiga, kwanciya ce har ƙarshe, kuma abin yana damuna.

An ce ɗan ƙwallo ne a da, sunansa Genival Prates. Na san a wannan shirmen naku babu wanda ba ka sani ba.

Ƙanwarka,
Aminatu

Kaduna, Satumba

Ƙanwata Aminatu,

Wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa da ban girma ga maigidanki, ina sanar da ke cewa takardarki ta sa na miƙe tsaye a ɗakin malamai har sai da aka tambaye ni ko lafiya. Shirme kika ce? Allah ya yafe miki. Baba Igiya kike toya wa waina ba ki sani ba!

Saurara ki ji. Mutumin nan ɗan baya ne. Ya bar ƙasarsu yana saurayi ya buga a Fotugal, ya buga a Meziko, ya ƙare a Maroko, inda aka haifi wannan Leïla. Bai taɓa zama sunan da ake bugawa a riga ba. Amma duk ƙungiyar da ya shiga, mai tsaron gidanta sai ya yi ƙiba don rashin aikin yi. Da gwiwa ta gaza sai ya koma koci, har Allah ya jefo shi ƙungiyar masaƙarmu lokacin kina firamare.

Ranar da ya fara aiki, da igiyar shanya ya zo. Ya jera mu huɗu 'yan baya, ya ɗaure mu a ƙugu, taku goma tsakanin kowa da kowa. In ɗaya ya matsa gaba dole sauran su bi, in wani ya yi lalaci a baya sai dukanmu mu zube. Mutanen gari suka riƙa zuwa kallonmu suna dariya, wai an kawo Bature yana kiwon awaki. A ƙarshen kakar nan babu ƙungiyar da ta kai mu kama 'yan gaba da satar gida, masu dariyar kuma su ne suka ɗauke shi a kafaɗa. Hausarsa kaf kalma guda ce, kuma a kaina ya koye ta: "Sirajo, matso!" Ni dai na ɗauka alamar ƙauna ce ta musamman, ko da yake abokaina suna da wata fassarar.

Kada ki lallashe shi. Ban taɓa ganin mutumin nan a zaune ana wasa ba, ko benci ba ya yarda a ajiye masa. Ki kai shi inda ake ƙwallo kawai.

Yayanki,
Sirajo

Greensboro, Oktoba

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Na bi shawararka, kuma na sha kunya.

Akwai wani fili kusa da Glenwood inda mutanenmu suke taruwa ranar Lahadi, 'yan Nijar da 'yan zangon Ghana, yawancinsu da tumbi. Ni da Leïla muka sha wahalar saka shi a mota. Shugabansu Malam Younoussa, direban babbar mota ne, ya karɓe mu hannu bibbiyu, ya sa aka kawo shayi, ya tara 'yan wasa suka yi layi suna gaishe shi ɗaya bayan ɗaya kamar an zo duba mara lafiya a asibiti. Aka ajiye shi a inuwa, aka lulluɓe masa ƙafa da bargo. Ya kalli wasan kaɗan, sai ya rufe ido. A hanyar dawowa na ga hawaye a gefen fuskarsa, ban san inda zan sa kaina ba.

Tun ranar ko wainar ba ya ci. Ganyen itatuwa ya fara ja, Leïla kuma ta riga ta je ta duba wani gidan tsofaffi. Na ji haushinka, gaskiya. Kai kana tuna wani ƙato mai tsawa, ni kuwa tsoho nake juyawa a gado.

Aminatu

Kaduna, Oktoba

Aminatu,

Salamu alaikum. Haushinki a kan hanya yake, amma wa ya ce a gaishe shi? Wa ya ce a rufa masa bargo? Kun kai koci fili kun mayar da shi baƙo.

Ki koma. Ki sayi igiyar shanya ki ba Malam Younoussa, ki ce 'yan bayansa huɗu su ɗaure kansu. Amma su ɗaura a wuyan hannu, kuma su bar ta tana jan ƙasa. Kada kowa ya kalle shi, kada a tambaye shi komai. Mutumin nan yana iya haƙuri da yunwa da rashin albashi, na gani da idona. Aikin banza a gabansa ne ba ya iya haƙuri da shi.

In wannan bai yi ba, na yarda shirme ne.

Yayanki,
Sirajo

Greensboro, Nuwamba

Yaya Sirajo,

Assalamu alaikum, da gaisuwa irin wadda ban taɓa yi maka ba.

Da ƙyar Malam Younoussa ya yarda, ya ce rashin ladabi ne a share dattijo. Na ce ai umarnin Yayana ne. Suka ɗaura igiyar a hannu, aka fara wasa. Wani Desmond, ɗan Kumasi, ya ruga gaba, igiya ta harɗe ƙafar na kusa da shi, su biyu suka kife, aka wuce aka zura musu ƙwallo. Ina satar kallon tsohon. Ya buɗe ido. Aka sake, suka sake kifewa. Sai na ji yana huci, yana bugun hannun keke da hannunsa mai lafiya. Leïla ta yunƙura za ta je wurinsa, na riƙe mata riga.

A karo na uku ya yi wata tsawa da yarensu, fili ya yi tsit. Na juya na gan shi a tsaye, Yaya. Ya dafa keken, ƙafar tana rawa, amma a tsaye. Ya yafito Desmond, ya fizge igiyar daga hannunsa ya nuna masa ƙugu. Da hannu ɗaya ba ya iya ƙulli, sai ya harare ni, ni na ɗaure ƙartin nan huɗu yana gyara mini tazara da kai. Leïla tana gefe tana kuka, shi ko kallonta bai yi ba, aiki yake yi.

Yanzu kowace Lahadi muna can, kuma shi yake fara neman takalminsa. Ya soma takawa da sanda. Likita ya ce a bar maganar gidan tsofaffi tukuna. Malam Younoussa na cika baki wai an daina cin su, ban dai tabbatar ba.

Jiya ina ba shi waina na ce masa Yayana ya buga a ƙarƙashinsa a Kaduna, Sirajo. Ya daɗe yana kallona. Sai ya ɗaga yatsu uku, lambar rigarka ke nan ko? Ɓarin bakinsa mai motsi ya yi murmushi, ya ce da Hausa tsaf: "Matso."

Na yi dariya har na ƙware. Ashe abokanka ne suka fi ka gaskiya.

Ƙanwarka mai ban haƙuri,
Aminatu

Kaduna, Nuwamba

Aminatu,

Wa alaikumus salam. Na karanta a ɗakin malamai, na fita waje don kada yara su ga fuskata.

Uku ce. Ki ce masa na ji, Koci. Ki ce masa na matso.

Yayanki,
Sirajo