Shagon Baba da Ƙwannafinsa

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, da Anti da yara. Na rubuto maimakon in kira ne saboda Baba na kasa kunne duk lokacin da na ɗaga waya.

Ranar Talata asmarsa ta sake tashi, karo na uku a watan nan. Maganin shaƙar bai yi komai ba, sai da aka sa masa iska a asibiti. Ka ce ƙurar katako ce, mun rufe masa shagon kafinta. Yau sati biyar bai taɓa zarto ba, kuma ba abin da ya ragu. Yini yake a kwance yana kallon silin. Don Allah kar ka yi gaggawar sayar da shagon, ina jin tsoron abin da hakan zai yi masa.

Ƙanwarka,
Auta

*

Auta,

Bayan gaisuwa, na ga saƙonki. Ƙurar shekara arba'in ba ta fita daga ƙirji a sati biyar. Ke tausayinki ya yi yawa, ni kuwa na fi son in gan shi yana fushi da in rasa shi. Takardun shagon da sunana suke tun bayan rasuwar Umma, kuma na sami mai saye. Ke dai ki riƙa cika masa ciki, ya rame. Ki gaishe shi.

Yayanki

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Ka karanta wannan har ƙarshe kafin ka yi komai.

Mun ga wata sabuwar likita. Ta duba fayil, sai ta tambayi abin da ba wanda ya taɓa tambaya: “Baba, kana ƙwannafi?” Ya ce, “Wannan ai ba ciwo ba ne, likita. Shekara nawa ina tashi da tsami a baki.” Ashe ɓoye mana yake yi.

Ta ce ruwan tsamin ciki ne ke hawowa maƙogwaro in ya kwanta, ya dami hanyar numfashi, ƙirji ya matse. Tarin kuma ya ƙara turo ruwan sama. Ta ce ƙura na da nata laifin, amma takunkumin hanci zai rage ta.

Da ta tambayi lokacin cin abincinsa, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ƙarfe tara na dare nake dawowa daga aiki, shi kuma ba ya ci sai da ni. In soya masa da mai da yaji yadda yake so, in matsa masa ya ƙara, ya wanke hannu ya miƙe a gado. Filonsa na biyu ma ni na ɗauke, don ya ce wuyansa na ciwo. Ni nake shaƙe shi, Yaya, da hannuna. Na yi kuka a banɗakin asibiti har na gode Allah.

Yanzu kafin magariba yake ci, kaɗan, ga ƙwaya da safe. Likitar ta ce a ɗaga gadonsa ta wajen kai. Ya karɓi mukullin shagon, ya je ya yanko katako biyu ya sa a ƙarƙashin ƙafafun gadon, har da awon tef, wai kar a ce kafinta ya kwana a karkace. Yau kwana tara ko tari bai yi ba.

Ka dakatar da mai sayen nan, don girman Allah.

Auta

*

Auta,

Ina gaisuwa. Wasiƙarki ta same ni ranar Laraba, ni kuwa tun Litinin na sa hannu. Na je wurin mutumin sau biyu, ya ce ya riga ya yi wa wani alkawarin injinan. Ranar Asabar za su zo da mota.

Ki faɗa masa. Ni ba zan iya ba.

Yayanki

*

Babban ɗana,

Ina gaishe ka da iyalinka. Auta ta faɗa mini, kuma ni na buɗe musu ƙofar shagon da kaina, don kar su ɓalla kwaɗon. Kar ka ga laifinta, ni ma ban ga naka ba. Tsoro ka ji.

Numfashi ya dawo, alhamdu lillahi. Barci nake har gari ya waye, in tashi da ƙarfina, in yi wanka, in sa kayan aiki. Sai na kai bakin ƙofa nake tunawa.

Allah ya yi maka albarka.

Babanka