Sai Ka Faɗi Tukuna

Baban Nasiru,

Sallama irin ta addini. Na san ba za ka karanta wannan ba, don inda kake ba a kai saƙo. Amma abin ya cika mini ciki, kuma kai kaɗai ka san farkonsa.

Gida lafiya. Albasar Yaya Mudi ta yi kyau bana, ruwan dam ɗin Goronyo ya ja baya, masunta 'yan'uwanka na ta kukan rashin kifi. Kwale-kwalenka na nan kife a bayan ɗaki, kaji sun mai da shi nasu.

Ka tuna murnar da ka yi ranar da ƙungiyarku ta masunta ta shigar da ku inshorar lafiya? Har katin ka riƙa nuna wa maƙwabta kamar ka samo kujerar Makka. Likita a Sakkwato ya rubuta maka sabon maganin farfaɗiya, domin tsohon ya daina riƙe ka tun tuni. Masu inshora suka ce a'a, ƙa'idarsu a fara da tsohon mai araha, sai an ga ya kasa a hannunsu kafin a ba da na gaba. Wato sai ka faɗi tukuna. Cikinsu babu wanda ya tambaye ka mi kake yi ka ci abinci. Mai zama kan kujera in ya faɗi, ƙasa ce za ta tare shi. Kai fa?

Kai kuma da haƙurinka mai ban haushi, ka karɓi ƙwayoyin har da godiya.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Kana zaton kifin banda ke sa ni sammakon zuwa bakin ruwa, har kana yi mini tsiyar zalama. Ba kifi ba ne, gadinka nake yi. Ranar da ruwa ya ci ka ma ina tsaye. Na ga tarun ya suɓuce daga hannunka, na ga kwale-kwalen ya karkata. Na yi ihu har muryata ta mutu.

Yanzu ga Nasiru. Ciwon ya bayyana gare shi da damina, kuma ya isa shiga ruwa, kullum idonsa na kan tarunka. Likitan nan dai ya rubuta masa irin naka sabon. Na je ofishin masu inshorar na ce ga abin da tsohon ya yi wa ubansa. Suka yi mini ta'aziyya da ladabi, sannan suka ce kowane majinyaci da nasa gwajin.

An ce a rediyo za a yi dokar da za ta sa maganar likita ta wuce tasu. Allah Ya sa. Ni dai ina jin zafinsu, ban kuwa yafe ba.

Jiya na sa gatari na fasa gindin kwale-kwalenka. Ka yi haƙuri, na san yadda ka sha wuyar sassaƙa shi. Ka riga ka ba su shaidar da suke nema, ba zan ƙara musu da ɗana ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka makwancinka.

Matarka da ke tsaye bakin ruwa,
Hajo