Allurar Yaya Nizam

Georgetown, 3 ga Maris, 1996

Yaya Nizam,

Assalamu alaikum. Ya aiki a injin shinkafa? Ya ƙafar Mama? Ka ce mata burodin rotin da ta aiko ko kwana bai yi ba, 'yan ɗakinmu sun yi masa rubdugu.

Albishirinka! Ƙanwarka ta fi kowa maki a darasin nan da na gaya maka, na cuta da lafiya a littattafan ƙasashen da Ingila ta mulka. Yaya, idona ya buɗe. A labaran da muke karantawa, duk leburan da ya ɗaga kai a gonar rake sai likitan Bature ya rubuta cewa mahaukaci ne, a ɗura masa magani har ya yi laushi. Shafi goma sha biyu na rubuta a kan tambaya ɗaya: wa ya ba likita ikon ya ce wane ne mai hankali? Malamarmu, Dakta Alleyne, har karanta wa aji ta yi.

Ga kwafi nan na sa maka. Wallahi kai nake tunawa ina rubutawa.

Ƙanwarka mai ji da kanta,
Shaneeza

*

Essequibo, 14 ga Afrilu

Shaneeza,

Bayan gaisuwa, wadda da ƙyar na iya rubuta ta. Me kika aiko wa yayanki?

Shekara tara Nizam yana zuwa ɗakin shan magani duk Alhamis ta farkon wata, Nas Persaud ta yi masa allurarsa ta ciwon ƙwaƙwalwa, ya dawo ya ci abinci ya wuce aiki. Shekara tara ina tafiya a garin nan kaina a ɗage. Watan jiya bai je ba. Wannan watan na ce, “Nizam, yau fa Alhamis ce.” Ya dube ni ya ce, “Mama, wa ya ba ta iko?” Ni da na haife shi!

Ya daina barci. An sallame shi daga injin. Kullum yana kan katangar teku yana karanta wa masunta takardarki da ƙarfi, suna dariya. Ranar Talata ya ɗauki tsintsiya ya share shinkafar da manomin nan Ramdeen ya shanya a titi, buhu shida, ya zuba ta a kwata, wai ya 'yanta shi daga bauta. Sai da maza uku suka riƙe Ramdeen.

Jiya mutanen gari sun zo min har gida, da liman. Sun ce in ranar biyu ga watan gobe bai karɓi allura ba, 'yan sanda za su kira, a kai shi asibitin mahaukatan nan na ƙetaren kogi. Kin tuna yadda ya dawo daga can wancan karon, ko ni bai gane ba. In ya sake shiga, ba na jin zan ga fitowarsa.

Ba ya jin tawa. Shi kansa liman, Nizam ya kira shi ɗan koren Bature. Ke kaɗai yake ambato, “Shan ta ce, Shan ta rubuta.” Kada ki zo, in ya gan ki cewa zai yi lauyarsa ta iso. Ki rubuto masa. Ke kika ƙulla, ke za ki kwance.

Na tura ki karatu ne don ki ɗauke mana nauyi, 'yar nan. Allah ya shirye ki.

Mahaifiyarki,
Zorina

*

Georgetown, 19 ga Afrilu

Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, kuma ina roƙonka ka karanta wannan har ƙarshe.

Takardar nan ƙarya ce. A'a, ba ƙarya ba ce, amma ba taka ba ce. Ban ma san yadda zan faɗa ba. Da na ga wasiƙar Mama, a guje na je ofishin Dakta Alleyne, ina kuka kamar ƙaramar yarinya. Ta dafe kai ta ce, “Ke! Littafi muke nazari a nan, ba asibiti muka buɗe ba. Yayanki kika ba?” Na ce eh. Sai ta miƙo min ruwa.

Yaya, mutanen da ke cikin takardata marubuta ne suka ƙirƙire su. In sun faɗa kogi, rufe littafin ake yi a tafi cin abinci. Kai fa? Nas Persaud ba Baturiya ba ce, haba, wurin uwarta muke sayen kifi! Ita ce ta zo da lema ta raka ka gida ranar da aka binne Baba.

Maki nake nema, na samu, ga abin da ya jawo. Ko abinci ba na iya ci. Don Allah, don darajar Mama, ka je ranar biyu ga wata. Ka zage ni, ka ƙone takardar, ka daina kula ni, duk na yarda. Ka je kawai.

Ƙanwarka marar hankali,
Shaneeza

*

Essequibo, 25 ga Afrilu

Shan,

Wa alaikumus salam. Lafiyata lau, fiye da yadda suke gaya miki.

Kin ce ba tawa ba ce. To wa kike tunawa kina rubutawa? Ke kika faɗa, da wallahi.

Bari na gaya miki abin da ba wanda ya taɓa tambayata. In aka yi min allurar nan, bayan kwana uku harshena ya yi nauyi, hannuna ya hau rawa, haruffa su dinga iyo a kan takarda. Layi biyu nake karantawa na ajiye. Ni da na fi kowa a ajinmu kafin ciwon nan! Kuna cewa Nizam ya samu sauƙi. Shiru na yi, shi kuka kira sauƙi. Takardarki ma da ƙyar na gama shafin farko, amma na gane da ni ake. Yanzu na karanta ta sau arba'in. Na karanta duk littattafan da kika bari a kwali, har da na lissafi.

Na san na yi wa Ramdeen ɓarna. Na san muryoyin sun dawo, ba sai an gaya min ba, ni nake jin su. Mama tana ɓoye adda da wuƙaƙe a gidan maƙwabta, tana zaton ban gani ba. Jiya na taɓa kafaɗarta ta baya, ta zabura har kwanon hannunta ya faɗi. Uwata, Shan. Tsorona take ji.

Tambaya ɗaya, ki amsa min ba don Mama ba, ba don maki ba. A littattafan naku akwai wanda aka bar masa kansa da uwarsa duka biyu? In akwai, aiko min da shi kafin Alhamis.

Yayanki,
Nizam

*

Georgetown, 28 ga Afrilu

Yaya,

Salam. Kwana biyu ina ɗakin karatu, na bi su ɗaya bayan ɗaya. Na tambayi Dakta. Babu. Ba zan sake yi maka ƙarya ba.

Ka yafe min. Ka je.

Shaneeza

*

Essequibo, 2 ga Mayu

Shan,

Salam. Na je da ƙafata, ba wanda ya ja ni. Mama ta dawo da wuƙaƙenta, tana kicin tana waƙa.

Ina sauri ne na rubuta kafin allurar ta kama ni. Ki ci jarrabawarki, ki ci abinci. In za ki rubuto, ki yi layi biyu, da manyan baƙaƙe.

Na gode da wata biyun nan.

Nizam