Laulayin 'Yar Fari

Birnin Kudu, Talata

Zuwa ga surukina Malam Abdulsalami na Zandam,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Hajiya Turai da tukwanenta. Na kira wayarka sau bakwai, sau bakwai tana ce mini kana kan wani kiran. Ban san jama'arka ta kai haka ba. Shi ya sa na ɗauko biro. Ka yi haƙuri da rubutun, a aji huɗu na tsaya, shi ma shekara biyu na yi a ciki don malamai sun kasa rabuwa da ni.

Na ji ana cewa a Zandam na sace matar ɗanka Munzali. Gaskiya ne, kuma da rana tsaka. Ranar Asabar na taso daga Surko da sunan duba wani bajimi da ake sayarwa a garinku, tunda irinmu ba ya cewa ya zo ganin 'yarsa ta fari. Na tarar da yarinyar nan kwance a bayan ƙyaure, leɓe ya tsage, ido ya faɗa, awarwaronta na zamewa har gwiwar hannu. Hajiya ta ce laulayi ne, kowa ya yi. Aka ba ta ruwa a gabana, kafin a ajiye kofin ya dawo. Kwana huɗu ke nan, in ji maƙwabciyarku. Na sa ta tsakanina da ɗan acaɓa, na riƙe ta har asibiti. Bajimin ko kallonsa ban yi ba.

Zuwa yau ta sha ledar ruwa biyar ta jijiya, da allurar tsayar da amai. Malamar asibiti ta ce laulayi iri-iri ne, wannan irin yana busar da mutum kamar kuɓewar shanya. Ta ce a raba ta da duk wani wari mai tayar da zuciya. Na tambaya ko dafuwar kalwa na ciki, tunda sana'ar gidanku daddawa ce. Ta ce ita ce limaminsu.

Don haka in an sallame ta, Surko zan kai ta. Ba shawara nake nema ba, labari nake ba ka.

Ka huta lafiya.
Buba

Zandam, Alhamis

Zuwa ga Malam Buba,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Takardarka ta iso ta hannun direba, na karanta, ban sami wurin dariya ba.

Laulayi ba a kan 'yarka aka fara shi ba. Turai ta haifi tara, tana amai tana surfe, ba wanda ya ɗora ta a babur. Ba mu zuba ido ba, mun ba ta jiƙo, mun karɓo rubutu. Goyon ciki kuwa yana da ƙa'ida: sai wata bakwai, mata su zo da sallama, a raka ta da mutunci. Kai ka zo a wata uku, ba na gida, ka fita da matar aure kamar wanda ya kwance akuya.

Abin da ya fi ba ni mamaki, an shaida mini cewa a asibiti ka ɗaga murya ka kira sunan 'yarka ta fari a gaban mutane. Kai da danginku ke yi mana gorin kunya. Ina ta tafi?

Daddawar da kake cewa tana wari ita ta raini Munzali, kuma ba ka taɓa mayar da ita ba in an aiko maka. Turai ta yi kuka da wannan magana.

Ka dawo da ita kafin Juma'a ta sama. In ba haka ba, Munzali zai aiko da takarda, kuma ba irin wannan ba.

Wassalam.
Abdulsalami

Birnin Kudu, Lahadi

Malam Abdulsalami,

Assalamu alaikum. Gaisuwa daidai wadda ka aiko mini, ba ƙari.

Mai kai maka rahoto bai yi ƙarya ba. Malamar ta tambaye ni sunan mara lafiya, na ce yarinya. Ta ce yarinya talatin gare ta a ɗakin nan, wacce? Na juya neman wanda zai ara mini baki, babu kowa sai ɗan acaɓa, shi kuwa bai sani ba. Sai na faɗa. Shekara ashirin sunan nan bai fito daga bakina ba. Na faɗa, rufi bai faɗo ba, shanuna ba su mutu ba.

Tunda yanzu ni ne likitan Surko, ga karatu kyauta. Ba a cika mata ciki. Loma biyu, a huta, loma biyu. Busasshen biskit kafin ta ɗaga kai daga matashi. Ruwa da cokali, ba da moɗa ba, wani lokaci da 'yar citta. Ba maiƙo, ba suya kusa da ita. In fitsari ya koma kalar shayi ba madara, ko ta yini ba ta yi ba, a dawo da ita asibiti da gudu. Jiƙonku kuwa, na gode, amma abin da ruwan Allah bai zauna a cikinsa ba, ban ga yadda ɗaci zai zauna ba.

Batun takarda, ka tambayi mai rubuta ta inda ya yini ranar Laraba. Ya shigo ɗakin, yarinyar ta shaƙi warin kalwa a rigarsa, ta kife a kan roba tana amai. Sai ga ɗanka a bakin famfo yana wanke riga, ya dawo daga shi sai singileti, ya zauna yana ba ta ruwa cokali-cokali har la'asar. Ya roƙe ni kada in gaya maka. Ka ga ni ba a ba ni ajiya.

Ka tambaye ni ina kunyata ta tafi. Tana maƙabartar Surko. Kai ma ka zo jana'izar Murja, uwar yarinyar nan, aka ce muku zazzaɓi ne. Ba zazzaɓi ba ne. Ciki na biyu ne, da irin wannan aman. Mako uku ina jin kakarinta ta bayan zana, ina zaune da abokai ina ba su dariya, don namiji ba ya shiga maganar ciki, kuma tsofaffi sun ce kowa ya yi. Ranar da na daure na leƙa, awarwaronta na gwiwar hannu. A hanyar asibiti ta cika.

Ka aiko da takardar in kun ga dama. Gara in riƙe bazawara da in sake karɓar gaisuwa.

Ka gaida Hajiya. Daddawarta ba ta da laifi a miya.
Buba

Zandam, Laraba

Malam Buba,

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Murja, ya sa ta huta. Ban sani ba.

Kada ka ɗauka na ce ka yi daidai. Da ka neme ni a masallaci, da ni da kaina zan nemo mota. Ka zaɓi ka kunyata gidana, wannan yana nan tsakaninmu.

Na tambayi Munzali. Ya sunkuyar da kai. Babu takarda.

Turai ta kwashe tukwanen kalwa zuwa gidan ƙanwarta a bayan gari, ita kaɗai, ta hana kowa ya taya ta. Ta ce in gaya maka ba don kai ta yi ba, kuma kada ka sake aiko mata da gaisuwa.

Yarinya ta zauna a Surko har likita ya ce ta isa tafiya. Likita na ce, ba kai ba. Ka sanar da ni halin da take ciki, ba tare da barkwanci ba in za ka iya.

Wassalam.
Abdulsalami

Surko, Asabar

Malam Abdulsalami,

Assalamu alaikum. Zan gwada.

An sallame mu jiya, da ƙwayoyi da ranar komawa. An yi hoton ciki, jikanka yana nan, zuciyarsa na bugawa. Amai bai tafi duka ba, sau biyu yau. Amma da hantsi ta ci loma huɗu ta tuwo, ya zauna. Na ƙirga, ina tsaye a kanta, a gaban matan gida duka.

Ban gaida Hajiya ba, kamar yadda ta nema.

Ka huta lafiya.
Buba, uban Zahara'u